Balthasar Neumann: Maƙerin Igwa Da Ya Zama Sarkin Magina

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da malamanmu da har yanzu suke bin wannan mujalla tare da mu, na tabbata babu wanda ya manta da ɗan akwatin ƙarfen nan na lissafi da ake tilasta mana saye tun muna aji ɗaya, mai kwamfas da rula da sauran tarkace a ciki. Da yawa daga cikinmu ba mu tsinana masa kome ba in ban da huda tebur da tsikarin wanda ke zaune a gabanmu. To, mutumin da na ɗauko muku tarihinsa a wannan fitowa bai fara koyon ilmin awo da zanen gini ba sai da ya shekara 25 a duniya. Amma kafin ya mutu sarakunan ƙasar Jamus aike suke yi masa daga nesa ya zo ya duba musu gini, kuma daga baya hotonsa da na kwamfas ɗinsa aka buga a kan takardar kuɗin ƙasar. Sunansa Balthasar Neumann, Jamusawa kuwa suna faɗin sunan nan na biyu kamar Noiman.

An haife shi a ƙarshen watan Janairu na 1687 a garin Eger, wanda yanzu ake kira Cheb, cikin Jamhuriyar Cek, dab da iyakar Jamus. A wancan zamani mutanen garin Jamusanci suke yi. Ubansa masaƙi ne, ba wani mai abin hannu ba, kuma Balthasar shi ne na 7 cikin 'ya'yansa 9. A gida irin wannan ba a maganar dogon karatu, sai aka miƙa yaron ga ubansa na baftisma, wani maƙeri mai suna Balthasar Platzer, wanda sana'arsa ita ce zubin ƙararrawa da sauran kayan tagulla.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin a ganina duk abin da ya biyo baya daga wannan maƙera ya samo asali. Mai zubin ƙararrawar coci ba ya aiki da cinta. Dole ya san kaurin bakinta da na wuyanta, ya san yawan jan ƙarfe da kuzar da zai narka, in kuwa ya kuskure, ko dai ta tsage ko ta yi muryar fasasshiyar tasa. Igwa ta fi wannan haɗari. In ta yi sirantaka sai ta fashe ta kashe mai harba ta, in ta cika kauri dawakai su kasa jan ta. Ke nan tun yana yaro aka saba masa da tambaya guda, wato mene ne mafi ƙarancin kaurin da zai ɗauki wannan nauyi bai karye ba. Wannan tambaya ita ce ya yi ta amsawa da dutse da bulo har ƙarshen ransa.

Al'adar masu sana'ar hannu a Jamus ita ce in yaro ya gama koyo sai ya shiga duniya, yana aiki gari gari. Haka Neumann ya sauka a birnin Würzburg, a bakin kogin Main, cikin 1711, ya kama aiki a wata maƙerar zubi, ya kuma sami takardar shaidar iya sarrafa igwa da albarushi da wasan wuta. Sai in yi muku bayanin irin ƙasar da ya shiga. A lokacin Jamus ɗaruruwan ƙananan masarautu ce, kowace da sarkinta, duk suna ƙarƙashin inuwar babban sarki da ke Biyana, babban birnin Ostiriya. Wasu daga cikin masarautun nan bishop ne ke mulkinsu. Shi ne shugaban coci, shi ne kuma sarkin ƙasa mai karɓar haraji da ajiye soja. Würzburg tana cikin irin waɗannan. Sarautar kuwa ba gado ake yi ba, in bishop ya mutu majalisar manyan malaman coci ce take zaɓen wani. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya yi ta ɗaga Neumann yana kayarwa.

A 1712 ya shiga sojan igwa a matsayin kurtu. Dalilinsa kuwa shi ne a wancan zamani ɗan talaka ba shi da hanyar zama injiniya sai ta cikin soja. Wani kyaftin injiniya mai suna Andreas Müller ya lura da shi, ya shiga koya masa ilmin awo da safiyo da zanen gini da gina ganuwa. Don ya samu ya rage aikin maƙera ya fuskanci karatun, sai da ya nemi rance daga hukumar garinsu na Eger. Shekara guda kawai da farawa, a 1713, ya ƙera wa kansa wani kwamfas na tagulla mai ma'aunai a jiki, wanda da shi mutum zai fitar da kaurin ginshiƙi da tsawon sassansa ba sai ya zauna dogon lissafi ba. Maƙeri dai bai bar halinsa ba. A 1717 ya bi rundunar Yarima Eugene zuwa yaƙin Belgrade da Daular Usmaniyya, a matsayin injiniya. Wannan tafiya ce ta ba shi damar ganin manyan gine-ginen Biyana, a shekara ta gaba kuma ya leƙa Milan ta ƙasar Italiya.

Sa'arsa ta zo a 1719, lokacin da aka zaɓi Johann Philipp Franz na gidan Schönborn ya zama bishop kuma sarkin Würzburg. Mutanen wannan gida suna da wata cuta ta son gini, har su da kansu sukan ce tsutsar gini ce ta shige su. Sabon sarkin ya ce shi ba zai zauna a tsohuwar fadar da ke kan dutse a hayin kogi ba, sabuwa yake so a cikin gari. Kuɗi kuma ya samu, domin ya ci shari'ar da ya yi da wani babban ma'aikacin baitulmali da aka zarga da cin amana, aka karɓo gulden 600,000 daga hannunsa. Ya ɗauko Neumann, ɗan shekara 32, wanda bai taɓa gina wani abin a-zo-a-gani ba, ya damƙa masa aikin. Aka aza harsashi ranar 22 ga Mayu 1720.

Kada ku ɗauka an sakar masa mara ya yi yadda yake so. Kawun sarkin, wanda ke sarautar Mainz, yana da nasa gwanin, Maximilian von Welsch. Ƙanen sarkin, Friedrich Karl, babba ne a fadar Biyana, shi ma da nasa, Johann Lucas von Hildebrandt, mutumin da ya gina wa Yarima Eugene fada. Kowa ya aiko da zane, kowa ya soki na wani, wasiƙu suna ta kai da komowa. A 1723 aka tura Neumann Faris da takardunsa, ya kai wa manyan masu zanen gini na Faransa biyu, Robert de Cotte da Germain Boffrand, su yi masa gyara kamar yadda malami ke bin littafin ɗalibi da jan biro. Waɗanda suka zama injiniyoyi a cikinmu sun san abin da ake ji in an tara manya biyar a kan aiki ɗaya, kai ne ƙarami, kai ne kuma za a kama in gini ya tsage. Saboda haka masana ba sa cewa duk fadar nan tunanin Neumann ne shi kaɗai, musamman adon da ke fuskarta. Abin da yake nasa shi ne haɗa wannan tarin shawarwari ya zama gida ɗaya mai kai da gindi, da kuma sanin yadda zai tsaya. Wani gyara na de Cotte ma alheri ya zame masa. Da can matakalar bene biyu aka tsara, ɗaya dama ɗaya hagu, shi kuwa ya ce a soke ɗaya. Wadda ta rage sai ta sami sarari ta ƙasaita.

Ana cikin haka sai sarkin ya mutu a 1724, bai kwana ko sau ɗaya a fadar ba. Wanda aka zaɓa bayansa, Christoph Franz von Hutten, mutum ne mai tsimi, kuma ba ya cikin jama'ar Schönborn, sai ya dakatar da yawancin aikin. Irin wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba. Neumann ya yi aure a 1725, ya auri Maria Eva Schild, 'yar wani babban ma'aikacin fada, suka haifi 'ya'ya 8. Ya kuma juya ga wasu ayyukan, ciki har da babban cocin gidan ruhubanawa na Münsterschwarzach da ya fara a 1727. Wannan coci yanzu babu shi, an rushe shi a farkon ƙarni na 19 bayan gwamnati ta ƙwace gidajen ruhubanawa.

A 1729 Friedrich Karl, ƙanen marigayin farko, ya hau sarauta, ya haɗa Würzburg da Bamberg a hannunsa. Shekara 17 da ya yi yana mulki su ne ganiyar Neumann. Aikin fada ya tashi, kuma duk wani gini na masarautun biyu ya koma ƙarƙashinsa: ganuwa, gadoji, barikin soja, cocin ƙauye, har da tsarin titunan birni da duba zanen gidajen talakawa kafin a ba su izni. Shi ya jawo wa Würzburg ruwan sha ta bututu. Daga 1731 yana koyar da zanen gini a jami'ar garin. Ya karɓi hayar wata masana'antar gilashi yana kasuwancin kansa. A 1737, yana aikin karkatar da kogin Saale a Kissingen, aka tono wata maɓuɓɓugar ruwan magani da ta daɗe da ɓata, wadda har yau mutane ke zuwa sha. Duk da wannan bai tuɓe kaki ba, a 1741 ya kai muƙamin kanar. Rabin rayuwarsa a cikin keken doki ya yi ta, daga wannan wurin gini zuwa wancan.

Abin da ya fi burge ni a tarihin mutumin nan shi ne mafi kyawun ayyukansa gyaran ɓarnar wasu ne. Ga misali na farko. Wani ɗan gidan Schönborn ɗin, Damian Hugo, bishop na Speyer, yana gina fada a Bruchsal. Mai zanensa ya yi tafiya, sai shi sarkin ya ga ɗakunan barori ba za su isa ba, ya sa aka cusa wani ɗan gajeren hawa tsakanin ƙasa da bene. Da mai zanen ya dawo ya tarar matakalar da ya tsara ba za ta kai sama ba, sai ya yi fushi ya ajiye aikin. Aka bar wani wawakeken rami a tsakiyar fadar shekara da shekaru, babu mai hawa. A 1731 Neumann ya warware matsalar. Ya gina wani kewayayyen ɗaki mai duhu a tsakiyar ramin, ya sa matakala biyu suka rungume shi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna lanƙwasa suna hawa. Mai hawa yana farawa cikin duhu, haske na ƙaruwa da kowane taku, har ya ɓulla kan wani dandali a ƙarƙashin ƙubba, wanda ya zama gada tsakanin manyan zaurukan fadar biyu. Daga nan sunansa ya fita a kan matakala, har sarkin Kolon ya kira shi ya yi masa ta fadarsa da ke Brühl, tsakanin 1740 da 1746.

Amma uwar matakalu ita ce ta Würzburg. Fadar kanta tsawonta ya kusa mita 170, ɗakunanta sun haura 300, kuma an gama gangar jikinta a ƙarshen 1744, shekara 24 da aza harsashi. Baƙo yana shiga da keken dokinsa har cikin zaure, wani wuri mai faɗi amma gajeren rufi, ba haske sosai. In ya sauka sai ya kama matakala guda mai faɗi, ya hau zuwa rabi, a nan ta rabu biyu, kowace ta juyo baya ta ci gaba da hawa. Yana ɗaga kai sai ya ga rufi ɗaya ya lulluɓe wurin duka, faɗinsa mita 18, tsawonsa ya haura mita 30, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya da ya tokare shi. Ku auna wannan da babban ɗakin taron makaranta, ku tuna kuma babu siminti mai rodi a wancan zamani. Duk wanda ya taɓa ganin ɗaurin guga ya san cewa rufi mai lanƙwasa ba ƙasa kawai yake dannawa ba, yana tura bango waje, kuma gwargwadon kwanciyarsa gwargwadon ƙarfin turin. Na Neumann kuwa kwantacce ne kamar an kife kwale-kwale. Dabararsa ita ce rage nauyi a inda ya fi haɗari, ya sa dutse mara nauyi a can tsakiya, ya ɗaure ginin da ƙarafa. Tambayar maƙera ce dai ta dawo.

Masu zagayawa da baƙi a fadar suna ba da wani labari, wanda mai yiwuwa an ƙara masa gishiri. Wai Hildebrandt na Biyana ya rantse in rufin nan ya tsaya zai rataye kansa a ƙarƙashinsa, shi kuma Neumann ya nemi izni ya jawo igwogi cikin zauren ya harba don kowa ya gani. Babu wanda ya rataye kansa, ba a kuma harba igwa ba. Jarrabawar gaske tana nan tafe, sai dai ba a zamaninsu ba.

Gyaran ɓarna na biyu ya fi na Bruchsal wuya. A arewacin Bamberg akwai wani tudu da Kiristocin Katolika ke zuwa ziyarar ibada, domin sun yi imani cewa a 1445 da 1446 wani makiyayi ya yi gamo a nan da wani yaro, daga baya kuma da waliyyai 14. Sunan wurin ke nan, Vierzehnheiligen, wato waliyyai goma sha huɗu. Filin na gidan ruhubanawa na Langheim ne, su ne kuma za su biya kuɗin sabon coci. Shugabansu yana son abu mai araha, shi kuwa bishop Friedrich Karl ya tsaya a kan zanen Neumann. A wannan zane, daidai gurbin da makiyayin ya yi gamo zai faɗo a mahaɗar ginin, inda dogon ɓangare da na gicciye suka gamu, wato wuri mafi daraja a coci. Aka aza harsashi a watan Afrilu na 1743, amma aka bar kulawar yau da kullum a hannun wani mai suna Gottfried Heinrich Krohne, mutumin shugaban ruhubanawan. Shi kuwa don a rage kuɗin sassaƙe tudu sai ya matsar da ginin gabas, ya kuma gajarta shi.

Da Neumann ya zo dubawa a watan Disamba ya tarar bangon gabas ya riga ya tashi, kuma gurbin da saboda shi ake ginin gaba ɗaya ya faɗo a tsakiyar inda jama'a ke tsayawa. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Rushewa ba ta yiwuwa saboda kuɗi, gurbin kuma ba ya ɗaukuwa. Abin da ya yi a 1744 shi ne ya bar bangon waje yadda yake, ya sake tunanin cikin duka. Ya jera fili uku masu siffar ƙwai, suna bin juna daga ƙofa zuwa gaba, ya sa mafi girma a tsakiya, ya kewaye gurbin da ginshiƙai, aka kafa bagade a kansa wanda masu ziyara ke iya zagayawa. Mahaɗar da a kowane coci ita ce ke ɗauke da babbar ƙubba, a nan sai ta zama inda rufi biyu suka sumbaci juna kawai. Daga waje mutum zai ɗauka cocin da ya saba gani ne mai hasumiya biyu. In ya shiga sai ya rasa bango madaidaici, kome na lanƙwasa, haske na shigowa ta tagogi hawa hawa daga bayan ginshiƙan. Kuskuren Krohne ya zama kamar da gangan aka yi shi. An keɓe cocin a 1772, bayan Neumann ya shekara 19 a kabari, kuma masana da yawa suna sa shi cikin mafi kyawun gine-ginen Turai na ƙarni na 18.

A 1746 Friedrich Karl ya mutu, kwanan Neumann ya sake juyawa. Sabon sarki, Anselm Franz von Ingelheim, hankalinsa na kan masu da'awar mayar da baƙin ƙarfe zinariya, ya sauke Neumann daga shugabancin gine-gine. Mutumin da ya kusa shekara 60, bayan hidimar shekara 27 ga fada ɗaya, ya koma neman aiki a waje. Ya zana wa Biyana da Stuttgart manyan fadoji waɗanda ba a gina ba, suna nan a takarda. A cikin Würzburg kuwa ya gina ɗan cocin ziyara da ake kira Käppele a kan tudu. Ingelheim bai daɗe ba, ya mutu a 1749, wanda ya gaje shi, Karl Philipp von Greiffenclau, ya mayar da Neumann kan kujerarsa.

Greiffenclau ne ya ɗauko Giovanni Battista Tiepolo daga Benis ta Italiya, mai zanen da babu kamarsa a Turai a lokacin. Ya iso a watan Disamba na 1750 da 'ya'yansa biyu. Ya fara da babban zauren fada, sa'an nan a 1752 da 1753 ya hau kan rufin matakala ya zane shi duka a kan ɗanyen shafe, fili mai faɗin murabba'in mita fiye da 600. Ya zana sama da gajimare a tsakiya, a gefuna huɗu kuma nahiyoyi huɗu da Turawa suka sani. Amurka mace ce a kan kada, Asiya a kan giwa. Afirka kuwa baƙar mace ce zaune a kan raƙumi, ga fatake da kayansu, ga hauren giwa, ga jimina da biri, ga wani tsoho a madadin kogin Nilu. Tiepolo bai taɓa taka Afirka ba, abin da Bature ke rayawa ne ya zana, kuma ba sai an faɗa ba, Turai ce aka ba wuri mafi girma tare da hoton sarkin a samanta. A gindin Turai ɗin, a bakin rufi, ga wani dattijo cikin kakin kanar ya kishingiɗa a kan igwa, wani ƙaton kare na kusa da shi. Neumann ke nan, a ƙarƙashin rufinsa.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu ba za su so ba. Masarautar Würzburg ƙarama ce, mutanenta yawanci manoma ne da masu gonakin inabi, kuma guminsu ne ya biya wannan ƙasaita don mutum guda mara iyali ya karɓi baƙi. Neumann bawan sarakuna ne, bai taɓa zama mai ja da su a kan wannan ba. Abin da za a ce a madadinsa shi ne hannun da ya gina fadar shi ne ya kawo ruwan sha cikin gari, kuma bai karɓi kuɗin dutse ya gina da tubalin toka ba.

Ya mutu a Würzburg ranar 19 ga Agusta 1753, yana da shekara 66, kafin Tiepolo ya tattara kayansa. Aka yi masa jana'izar soja, aka binne shi a cocin Marienkapelle da ke bakin kasuwar garin. Ya bar babban aiki guda a tsakiya, cocin gidan ruhubanawa na Neresheim, wanda ya fara zanawa a 1747 aka aza harsashinsa a 1750. Ƙubba 7 ya tsara, babbar tana zaune a kan sirararan ginshiƙai bibbiyu a kusurwa huɗu, duk da dutse. Da ya kwanta dama, waɗanda suka gaji aikin suka duba zanen, gabansu ya faɗi. Ɗansa Franz Ignaz Michael, wanda shi ma mai zanen gini ne, ya kawo hanyar da za a bi a yi su da dutse, ba a karɓa ba. Aka yi ƙubbobin da katako, aka rage musu tsawo, aka shafe. An keɓe cocin a 1792. Har a haka wuri ne mai ban mamaki, amma a 1966 sai da hukuma ta rufe shi don gudun kada ya rufta, ba a sake buɗewa ba sai 1975 bayan gagarumin gyara.

Jarrabawar rufin Würzburg kuwa ta zo ne a daren 16 ga Maris 1945, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen saman Ingila suka yi wa birnin ruwan bama-bamai masu ta da gobara. Cikin kamar minti 20 kusan kashi 90 cikin 100 na tsohon gari ya kama da wuta, dubban mutane suka hallaka. Fadar ta ƙone. Katakan rufin sama suka ci wuta suka zubo, benaye suka rufta a ɓangarorin dama da hagu. Da gari ya waye aka tarar rufin matakala yana nan tsaye, shi da na babban zaure, sun ɗauki duk abin da ya faɗo musu, zanen Tiepolo na nan a jikinsu. Fadar Bruchsal ba ta yi wannan sa'a ba, mako biyu kafin nan bom ya cinye ta, sai daga baya aka sake gina ta.

Abin da wuta ta bari saura kaɗan ruwan sama ya ƙarasa, domin rufin ya zauna a buɗe wata da watanni. Wani hafsan sojan Amurka mai kula da kayan tarihi, John Skilton, shi ne ya iso garin a tsakiyar 1945, ya yi ta fafutukar neman katako a ƙasar da ba a samun ko ƙusa, har ya samu aka yi wa wurin rumfa ta wucin gadi. Gyaran fadar ya ci fiye da shekara 40, ɗakin madubai shi ne aka gama a 1987. Tun a 1981 hukumar UNESCO ta sa fadar cikin jerin wuraren tarihi na duniya, ta Brühl kuma ta biyo baya a 1984.

A 1991 Jamus ta fitar da sabuwar takardar mark 50. A gabanta ga fuskar Neumann, a gefe ga kwamfas ɗin nan da ya ƙera a 1713. A bayanta aka sa matakalar Würzburg tare da zanen cocin Neresheim, an tsaga shi a tsaye ana ganin ƙubbobinsa. Waɗanda suka yi karatu ko fatauci a Jamus cikinmu a shekarun nan na 1990 sun riƙe ta a hannu, wataƙila ba su tsaya duba ko wane ne ba. An daina ciniki da ita a farkon 2002, lokacin da kuɗin yuro ya shigo.